Abin da Ummi Take Aunawa a Gana

Tun da na dawo daga Gana ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a bakin kasuwar Ƙafin Maiyaki sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Idi, yaya ƙasar take?" Na faɗa har bakina ya gaji, ga abokin tafiyata Ɗanjuma can yana ba da nasa labarin, wanda kullum sai ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa sau ɗaya. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, don haka abin da na gani zan faɗa, inda ban gane ba kuma in ce ban gane ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata ta ci, ta yi karatun kimiyya a Kano, daga nan ta samu gurbin ƙaro ilimi a Gana, a fannin sararin samaniya. Ta zo hutun Babbar Sallah, zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan.

Bayan sadakar arba'in magana ta fara yawo a unguwa. Wata maƙwabciyarmu, Inna Tabawa, ta ce ai kowa ya san abin da masu kallon taurari suke yi, duba ne, sai dai na Ummi na boko ne. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka ta fahimta. Amma maganar ta shiga kunnen mai ɗakina, Asabe, ta zauna mata a ƙirji. Ta daina fita tsakar gida in an yi baƙi. Wata rana da safe ta kawo mini koko, ta durƙusa, ta ce, "Malam, ina yi mata addu'a, amma zuciyata rawa take yi. In duba take yi, da me ta je gaban Allah?"

Na buɗe baki in ce ba duba ba ne, sai na tuna ni kaina ban san mene ne ba. Ummi ta sha ƙoƙarin yi mini bayani ina kan keken ɗinki, ina cewa "to, to," hankalina yana kan wuyan riga.

A makon ne wata ƙawar karatunta mai suna Hajara ta bugo waya daga Gana, ta ce kayan Ummi suna nan, malamarsu kuma tana son ganin wani daga gida. Asabe ta ce, "Ka je da ƙafarka. Ka gani da idonka, ka zo ka faɗa mini da Hausa."

Ɗanjuma ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun muna yara, dillalin albasa. Ya taɓa zuwa Legas sau biyu, saboda haka yake ɗaukar kansa masanin duniya. Da ya ji zan tafi ya ce, "Kai da ko Zariya sai an riƙe maka hannu? Tela, in na bar ka kai kaɗai, a Kwanar Ɗangora za ka sauka ka ce ka iso." Muka je Kano muka yi takardun fita da allurar shawara. Mutumin da yake ɗaga buhun albasa shi kaɗai, sai da ma'aikata biyu suka riƙe shi kafin allura ta shiga. Na lura kwanakin nan mutane suna yawan zuwa gidansa, wasu har da kaza a hammata, na ɗauka sallama ce.

Babur ya kai mu Kwanar Ɗangora, muka hau doguwar motar Legas. Ɗanjuma ya sa Asabe ta ɗaure mana daddawa da kuka da busasshen kifin Tiga, wai a can ba su san miya ba. Kafin mu kai Kaduna duk motar ta san da daddawar. Wata mata 'yar kudu da ke bayanmu ta yi ta fesa turare, Ɗanjuma yana juyawa yana yi mata godiya.

A iyakar farko, ta shiga Jamhuriyar Binin, ma'aikaci ya ce kowa ya cire hula a gwada fuskarsa da hoto. Ɗanjuma ya yi ta noƙewa, har aka ɗaga masa murya. Yana cirewa wata takarda ta faɗo, na riga shi ɗauka. Rubutunsa ne. Na ɗaya, Malam Garba na Yako yana son a duba masa yaushe ruwa zai sauka bana. Na biyu, wani Bafulatani a Ɗansoshiya yana neman sansa da ya ɓata. Na uku, wata tana tambaya ko mijinta da ya tafi cirani zai dawo. Sunaye har tara.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Saƙo ne. Tunda wajen masu taurari za mu."

"Ɗanjuma, abin da zan je in wanke ke nan, kai kuma ka ɗauro shi a hula?"

"To ai shi ke nan ma. In sun amsa, duba ne. In sun kasa, ba duba ba ne. Kai da me za ka gwada su, da tef ɗin awo?"

Na yi fushi har muka wuce Kwatano ban yi masa magana ba, duk da yana ta taɓa ni in ga 'yan acaɓarsu masu rawayar riga, sun cika titi kamar fara. Amma can cikin raina na san ban da wata hanyar gwaji da ta fi tasa. Tsoro ya kama ni. In suka karɓi takardar nan suka fara amsawa fa, me zan koma in ce wa Asabe?

Teku ce ta sasanta mu. Hanya ta bi gefenta, direba ya tsaya shan iska, muka sauka. Ni iyayena suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu, na tashi ina ganin babu ruwan da ya kai shi. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, babu. Ɗanjuma ya naɗe wando ya shiga zai yi alwala, ya kurɓa, ya tofar, ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarnar gishiri?" Bai rufe baki ba igiyar ruwa ta zo ta tafi da takalminsa ɗaya, ta dawo da shi, yana miƙa hannu ta sake tafiya da shi. Rabona da dariya tun kafin Sallah. Na yi har na zauna a kan yashi, ina yi ina jin kunyar kaina.

A Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, ba wanda ya gaya mana. Muka shimfiɗa sallaya a tasha muka yi azahar, wani mai shayi ɗan Nijar yana kallonmu. Da muka sallame ya nuna mana inuwa, ya ce, "Alhazai, rana ba ta karkata ba tukuna." Muka sake. Ɗanjuma ya ce shi kam ya ji daɗin ƙasar, tunda daga shigowa an ba shi awa guda kyauta, kuma zai riƙe abarsa, ba zai mayar ba in za mu koma.

A iyakar Gana daddawa ta sake tona mana asiri. Ma'aikaciyar ta buɗe gwangwani, ta rufe, ta kira 'yar uwarta. Na ce yau mun shiga uku. Ashe 'yar uwar daga arewacin ƙasar take, ta sunsuna ta lumshe ido, ta ce da Hausa, "Ta gida ce wannan." Ta buga mana hatimi tana murmushi.

Hajara ta tarye mu a tasha a Akra. Haifaffiyar zango ce, wato unguwar Hausawa, ta kai mu gidan kawunta, wani dattijo da ya ce kakansa daga Bebeji ya zo fataucin goro bai koma ba. Shi bai taɓa ganin Bebeji ba, amma ya tambaye ni wata rijiya da wata tsamiya kamar jiya ya baro su. Na ce suna nan, ko da yake ban san su ba. Allah ya yafe mini, fuskarsa ce ta hana ni cewa a'a. Hausarsu tana da daɗi, sai dai ta sha ruwan wasu harsuna. Da safe koko da ƙosai kamar a gida. Da rana shinkafa da wake, amma an dafa da karan dawa ta yi ja, an tula mata taliya da gari da ƙwai da baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo. Ɗanjuma ya ce ya lalace, a mayar. Kafin mu taho shi yake cin uku.

Ranar Asabar muka ji kiɗa a bayan layi. Rumfuna, kujeru, mutane cikin ja da baƙi, ana rawa, ga babban hoton wani dattijo yana dariya. Ɗanjuma ya ce biki ne, ga ango nan a hoto, tsoho ya yi sa'a. Kafin in riƙe shi ya shiga fili yana juyi, aka yi masa tafi, aka ba shi lemo. Ya bi layin masu zama yana ba su hannu yana cewa, "Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki." Sai ga Hajara da gudu, ta ce, "Baba, jana'iza ce." Wai mamacin ya yi wata biyu a ajiye, sai da dangi suka taru. Ɗanjuma ya ajiye lemon a hankali kamar zai fashe.

Mu da muke kai mamaci makwancinsa kafin rana ta juya, mu zauna a tabarma mu yi shiru, abin ya yi mini nisa. Amma na ga wata tsohuwa a gaba tana rawa hawaye yana zuba, ba ta share ba, ba ta daina rawar ba. Wannan na gane shi.

Ranar Litinin da hantsi Hajara ta kai mu wajen aikinsu, bayan gari. Tun daga nesa muka hango wani farin faranti a kan ƙarfe, ya fi masallacin Juma'armu tsawo, ya ɗaga fuska sama. Na zaci za a ce mu jira dare, Hajara ta ce shi wannan ba gani yake yi ba, saurare yake, kamar rediyo, ko da rana. Ciki kuwa babu turare, babu ƙasa a faifai, babu allo. Kwamfutoci ne da sanyin na'ura da matasa masu shan shayi.

Malamarsu, Dakta Efuwa, gajeruwar mace ce mai furfura. Ta ɗora hannu a ƙirji ta yi mini ta'aziyya da Turanci, Hajara tana fassarawa. Ban gama amsawa ba Ɗanjuma ya cire hula ya miƙa takarda. Hajara ta karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Dakta ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba, sannan ta ce, "Ku ba su haƙuri. Ko shanyar da na baro a gida ban san ko ruwa zai dake ta ba. Mu ba ma ganin gobe. Ko yau ɗin ma ba ma gani. Abin da ya riga ya wuce kaɗai muke gani."

Ɗanjuma ya ce, "Ko san Bafulatanin ma?"

Ta ce, "Ko shi."

Ta yi bayani cewa haske tafiya yake yi, kamar matafiyi. Na rana ma sai ya yi 'yan mintoci a hanya. Taurari kuwa garke-garke suke, ranarmu tana cikin garke ɗaya, akwai wasu garkunan da haskensu ya baro gida tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa, sai yanzu yake isowa. Duk abin da suka gani tsohon labari ne.

Na ce, "To ita Ummi me take yi da tsohon labari?"

Ta ɗauko wani gilashi mai kusurwa uku ta tara a taga, bakan gizo ya fito a bango. Ta ce in aka raba hasken tauraro haka da na'ura mai kyau, ana ganin wasu siraran layuka a cikin launukan, kowane sinadari da inda yake sa nasa, ba ya saɓawa. Sai ta nuna mana a kwamfuta hasken wani garke mai nisa, wanda manyan madubai na wasu ƙasashe suka ɗauko. Layukan suna nan, jerinsu bai canza ba, amma duk sun gusa wajen ja.

Ta tambaye ni ko na taɓa tsayawa a bakin titi babbar mota ta wuce tana hon. Na ce a Kwanar Ɗangora kullum. Ta ce yaya ƙarar take? Ɗanjuma ya kwaikwaya da baki, siririya in tana zuwa, mai kauri in ta wuce, har matasan suka juyo. Ta ce to haka haske yake. Abin da yake nisantarka, haskensa miƙewa yake, ya karkata wajen ja. Kuma in ban da 'yan maƙwabtanmu na kusa, duk garken da aka duba, ta kowace fuska, wajen ja ya gusa. Wanda ya fi nisa, gusawarsa ta fi yawa.

Na ce, "Nisan fa, wa ya je ya auno?"

Ta ji daɗin tambayar. Ta ce akwai wasu taurari da aka san ainihin ƙarfin haskensu, kamar fitilar da ka san irinta. In ka hango ta dishi-dishi, ka san ta yi nisa, kuma kana iya lissafa nawa.

Nan Ɗanjuma ya dafa kai ya ce, "Wato kowa gudunmu yake yi. Me muka yi musu?"

Dakta ta ce ba gudunmu ake ba, filin da ke tsakani ne yake buɗewa. Ta duba teburinta tana neman abin misali ba ta samu ba. Ni kuwa tela ba ya rabuwa da tarkace. Na laluba aljihu na fito da robar ƙugun wando da alli. Ta karɓa da hannu biyu. Ta sa na ɗiga alamu huɗu a jere, tazara ɗaya, ta ce in ɗora yatsa a kan ta farko, ta ja. Alamar da ke kusa ta matsa kaɗan, ta ƙarshe ta yi nisa sosai, alhali ja ɗaya aka yi. Ta ce in koma kan ta uku. Aka sake ja, sai ga shi ita ma ta ukun kowa nisantarta yake. Shekara talatin ina jan robar nan ban taɓa kallonta ba.

Ɗanjuma ya ce, "Shi ya sa Kiru take ƙara nisa da Bebeji, kullum 'yan acaɓa suna ƙara kuɗi."

Ta ce a'a, abin da yake riƙe da juna ba ya buɗewa, ko gari, ko duniya, ko garkenmu kansa. Wannan tsakaninsa ne da 'yan acaɓa.

Ta ƙara da hujja ɗaya. In komai yana buɗewa, to dā a matse yake, da zafi. Kuma an samu ragowar zafin, wani ɗumi kaɗan da na'urori suke ji daga kowace kusurwar sama daidai wa daida, kamar tokar murhu da ake taɓawa da safe a san an yi girki. Yadda suke jin sa ban gane ba, na dai riƙe misalin.

Daga nan Hajara ta kawo wani littafi mai baƙin bango. Rubutun Ummi ne, da bakwai ɗinta mai sanda a tsakiya. Shafi bayan shafi, layi biyu na lambobi, nisan garke a hagu, gusawarsa a dama. Wani wurin ta soke ta sake. Dakta ta ce Ummi ba ta yarda da awo ɗaya, sai ta maimaita sau uku, har abokanta suna tsokanarta. Hajara ta ce in an tsokane ta takan ce a shagon babanta ta koya, mai yanka kafin ya sake awo shi ke biyan yadi. Na nemi hanyar bayi, aka nuna mini. Na daɗe a can.

Dawowa ba ta da labari sosai, sai dai an karɓe awar Ɗanjuma a iyakar Binin, ya ce zalunci ne. Daga Legas har gida lissafin kajin da zai mayar wa mutane yake yi, don iyalinsa sun riga sun yanka huɗu.

Na iso bayan la'asar. Asabe ta kawo ruwa, ta zauna a bakin tabarma, ba ta dubi akwatin Ummi ba, ni take kallo. Na ba ta labarin takardar Ɗanjuma da amsar da aka ba shi. Na faɗi na hon ɗin mota, na faɗi na toka. Sannan na ba ta bakin roba ta riƙe, na ja.

Ta ce, "Ba ta taɓa gaya wa kowa gobensa ba?"

Na ce, "Ko malamarsu ba ta san ko za a yi ruwa da yamma ba. Awo take yi, Asabe. Halittar Allah take aunawa, ta rubuta abin da ta samu."

Ta dubi alamun allin. Ta ce, "Sake ja." Na sake. Ta matsar da yatsanta kan wata alamar da kanta, ta ce in kuma ja. Sai ta saki, ta goge fuska da bakin mayafi, ta miƙe ta leƙa ta katanga.

"Inna Tabawa, kina ciki? Shigo mana. Ki taho da sauran matan unguwa, ku zo ku ga aikin da yarinyar nan take yi."

Ta juyo ta miƙo mini hannu.

"Malam, kawo allin. Ni zan nuna musu."